Raya Matacciyar Ƙasa: Malam Sambo Ɗan Ashafa da Magabatan da Suka Sari Dajin Katsinar Laka

Jawabin da aka gabatar a taron Maukibin Sidi Abdulƙadir Jilani na shekara-shekara a garin Gusau

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai mulkin sammai da ƙassai, wanda Ya hore wa bayinSa ƙasa domin su zauna a kanta su bauta maSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako. Yardar Allah ta tabbata ga Shehunmu Sidi Abdulƙadir Jilani, da Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da sauran bayin Allah na gari baki ɗaya.

  

Bayan haka, kwamitin shirya wannan taro ya ɗora mini nauyin yin magana a kan kafuwar garin da muke zaune a cikinsa da maƙwabtansa. Mai yiwuwa wani ya tambaya, ina ruwan maukibi da tarihin gari, alhali an san maukibi da zikiri da bege da bandiri da ziyara? Amsar kuwa a kusa take. Mutanen da suka fara ɗaga gatari a wannan wuri almajiran Shehu Usmanu ne, jama'ar Shehu kuwa da sunan Ƙadirawa aka san su tun suna raye. Wuridin da muke ja shi suke ja, Shehun da muka taru dominsa shi suke kira. Saboda haka labarinsu labarin gidanmu ne, kuma akwai wani abu a cikinsa da ya shafi halin da ƙauyukanmu suke ciki a yau, wanda shi nake so mu isa gare shi kafin in zauna.

'Yandoto, garin malamai

Ba a fara zancen Gusau daga Gusau. Sai an koma 'Yandoto, wadda kufanta yake a ƙasar Tsafe, kusa da hanyar da ta taso daga Funtuwa zuwa nan. Ƙarnoni kafin jihadi 'Yandoto ta riga ta zama zangon fatake da matattarar malamai a yammacin ƙasar Katsina. Ayarin goro da ke fitowa daga Gwanja yana ratsa wannan yanki, masana tarihi kuma suna danganta bunƙasar garin da Wangarawa, waɗannan 'yan kasuwa masu ɗauke da littafi a cikin kayansu, waɗanda suka watsa karatu a ƙasar Hausa tun daga ƙasashen Mali. Ruwayar Katsinawa ta ce Muhammadu Korau, wanda ya ka da Sanau ya hau gadon sarautar Katsina a ƙarni na 15, daga 'Yandoto ya fito. Duk garin da ake jingina asalin gidan sarautar Katsina gare shi, ba ƙaramin gari ba ne.

Wannan yanki shi ake kira Katsinar Laka, saboda ƙasarsa mai nauyi ce, mai riƙe ruwa, saɓanin jigawar arewacin Katsina. Ƙasa ce mai wahalar huɗa, amma idan ta karɓi iri ba ta ba manomi kunya, musamman dawa da auduga. A wancan zamani mafi yawanta daji ne mai duhu. Mutane sun fi takura a gindin duwatsu ko a kansu, kamar yadda tsoffin mazauna Kwatarkwashi suka yi, domin dutse shi ne ganuwar da ba a biya kowa ladan gina ta ba.

A cikin malaman da suka zauna 'Yandoto akwai Fulani, daga cikinsu kuwa akwai gidan Malam Ashafa, mahaifin Malam Muhammadu Sambo. A lokacin da Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, a ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon na 1790, kiransa ya shiga ko'ina a wannan nahiya, kuma gidan Ashafa yana cikin waɗanda suka amsa. A shekarar 1794, yana da shekara arba'in, Shehu ya sami wannan babban buɗi da ya ba da labarinsa da kansa, inda ya ga Sidi Abdulƙadir ya rataya masa takobin gaskiya. Shekara goma bayan haka, a 1804, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, aka yi yaƙin Tafkin Kwatto, ƙasar Hausa ta ɗauki zafi.

Abin da ya faru a 1806

Malaman 'Yandoto sun rabu biyu a kan al'amarin Shehu. Masu rinjaye ba su yarda da shi ba, har suka fitar da waɗanda suka bi shi daga garin. Muhammadu Bello ya kawo labarin a cikin Infaƙul Maisuri, kuma ma'anar abin da ya faɗa ita ce, da ya iso kusa da garin bai fara da yaƙi ba. Ya aiki ɗan Ashafa, wanda ɗan gari ne ya san kowa, da saƙon cewa a fito a zauna a buɗe littattafai. Idan gaskiya tana wajen mutanen 'Yandoto, jama'ar Shehu za su tuba su bar abin da suke kai. Idan kuwa tana wajen jama'a, to su mutanen 'Yandoto su bi. Suka mayar da amsa mai zafi, cewa ba su son ganinsa balle magana da shi. Daga nan aka auka wa garin, mutanensa suka watse.

Ya ku 'yan'uwa, a nan wurin akwai buƙatar ladabi. Waɗanda ke cikin ganuwa malamai ne masu salla da karatu, waɗanda ke wajenta ma haka. Mu almajiran Shehu ne, mun kuma san inda muka tsaya, amma ba a ɗora mana zagin kowa ba, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a cikin wannan fili kafaɗa da kafaɗa, sun auri juna har ba a iya rabewa. Abin da nake so a riƙe shi ne, ƙofar da aka rufe a ranar ƙofar zama ce. Da an zauna, ko da ba a daidaita ba, da wataƙila an tsira da abin da aka rasa. Abin da aka rasa kuwa ba kaɗan ba ne. Shehu Muhammadul Amin Alkanemi na Barno, a cikin wasiƙun da suka yi musaya da Sakkwato, ya zargi mayaƙan jama'a da wulaƙanta littattafai. Bello bai musanta cewa an ga takardu a warwatse ba. Ya ce shi da kansa ya bi yana tsintar su iska tana kwasa har ya gaji, ransa ya ɓaci, ya tara mutane ya tsoratar da su a kan haka. Masana tarihi suna danganta wannan al'amari da 'Yandoto. Ku duba fa, Bello ne da kansa, malamin da ya san darajar kowace warƙa, yake sunkuye yana tsintar takarda a ƙasa. Karatun ƙarnoni ya bi iska a yini guda, kuma har yau idan ana lissafin malaman 'Yandoto da abin da suka rubuta, ɗan abin da ya rage a hannu bai kai girman sunan garin ba.

Gusau ta Sambo

Bayan faɗuwar 'Yandoto aka danƙa wa Malam Sambo jagorancin wannan yanki na yammacin Katsina. Daga nan ne sarautar Sarkin Katsinan Gusau ta samo asali, wadda har yau da ita ake kiran Sarkin Gusau, ko da yake baƙo yakan yi mamakin jin sunan Katsina a tsakiyar Zamfara. Malam Sambo bai zauna a kan kufan garin da aka ci ba. Ya gusa da jama'arsa yamma, zuwa bakin gulbin nan da ya ratsa ta Bungudu ya nufi Sakkwato, kuma ruwayar da ta shahara ta ce daga wannan gusawa sunan garin ya fito. Shekarar da aka fi ambata ita ce 1811, wasu kuma suna kai farkon zaman wurin baya zuwa 1799. A wannan shekara ta 1811 ne kuma babban shehun Ƙadiriyya na Sahara, Sidi Muhtar Alkunti, ya rasu, shi ma mutumin da ya tara almajirai a kan rijiyoyi cikin hamada har wurin ya zama mazauni. Shehu Usmanu a lokacin yana Sifawa, Sakkwato kuwa ba ta wuce shekara biyu da ginawa ba. Wato Gusau da Sakkwato kusan sa'o'in juna ne.

Kada mu ɗauka cewa da aka sauka shi ke nan an huta. Sarakunan Katsina da aka kora sun koma arewa sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tsibiri, daga can suke kawo hari kudu shekara da shekaru. A cikin Zamfara kanta an yi tawaye bayan rasuwar Shehu a 1817. Sabon gari mai ƙaramar ganuwa a bakin daji shi ne abin da mahara suka fi so. Zaman Gusau na farko bai ɗore ba, sai da jama'a suka tashi. Malam Sambo ya ƙare kwanakinsa a Wonaka, ya rasu a 1827, Allah Ya ƙara masa yarda. Ɗansa Malam Abdulƙadir, ku lura da sunan da uban ya zaɓa wa ɗansa, shi ya gaje shi, ya yi zama a Rawayya ta ƙasar Bungudu, sa'an nan bayan shekaru masu yawa ya komo da jama'a suka sake tayar da Gusau a inda take. Garin da muke alfahari da shi sau biyu aka kafa shi, kuma waɗanda suka kafa shi karo na biyu 'yan gudun hijira ne da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Tsofaffin da suka san inda masallaci yake da inda rijiya take su suka nuna wa yaran da aka haifa a wani wuri.

Yadda ake kafa gari

Littattafan tarihi sun fi kula da sarakuna da yaƙe-yaƙe, sai su ce wane ya kafa gari kaza a shekara kaza, kamar dai da baki ake kafawa. Dattawan ƙauye sun fi su sanin yadda abin yake. Maharbi ne yakan fara sanin wuri, domin shi ya san inda namun daji suke shan ruwa da rani. Makiyayi yakan bi bayansa. Sa'an nan malam ya zo da almajiransa, a duba ƙasa, a duba tudu saboda ambaliya, a yi istihara, a yi addu'a. Abin da ake fara shatawa shi ne masallaci, ko da da duwatsu ne aka jera aka fuskanci alƙibla, daga baya a kafa masa zana. Sai rijiya. Sai a shiga sassabe da rani, a sare, a tara, a ƙone, a tumɓuke kututture, wanda shi ne aikin da ke karya ƙugun namiji. Itatuwan amfani ba a taɓa su: kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da kuka ana barinsu a tsaye, kuma sau da yawa su ne suke zama alamar iyaka tsakanin gona da gona, tare da layin gamba. Shekarar farko abinci ba ya isa, sai a haɗa da 'ya'yan itace da ganye da abin da aka samu a daji. Mata su ne masu ɗebo ruwa daga nesa kafin rijiya ta kai, su ne masu daka da sussuka da kaɗi, su ne kuma masu binne 'ya'yansu ƙanana a sabuwar maƙabarta idan zazzaɓin damina ya zo. Ba a rubuta sunayensu ba, amma babu garin da ya tsaya ba tare da su ba.

Da dare kuma a hura wutar kara a tsakar fili, almajirai su kewaye ta da alluna. Malamin da ya yini da fartanya shi ne zai zauna ya biya wa manya Ishmawi da Risala, bayan sallar asuba a ja wuridi. Haka Shehu ya tarbiyyantar da su. Shi kansa a Ɗegel ya zauna, ƙauye ne ba birni ba, kuma sananne ne cewa yana tufka igiya domin ya ci daga hannunsa.

Sunayen ƙauyukanmu su ne rajistar waɗannan mutane. Duk inda kuka ji Tungar wane, ko Gidan wane, ko Unguwar Malam wane, ko Rugar wane, to sunan wanda ya fara saran wurin ne ake ambata kullum ba tare da an lura ba. Direban mota da ke kiran fasinja a tasha tarihi yake karantawa.

Wannan aiki yana da suna a fiƙihu. Malamanmu na Malikiyya sun ware masa babi, suna kiransa ihya'ul mawati, wato raya matacciyar ƙasa, kuma duk wanda ya karanci Muhtasar na Shehu Halilu ya wuce ta kansa. Asalin hukuncin shi ne, ƙasar da ba ta kowa ba, wanda ya raya ta shi ne mai ita. Sun kuma bayyana abin da ake kira rayawa: fitar da ruwa ta hanyar tona rijiya ko buɗe idon ruwa, janye ruwa daga wurin da ya malale, yin gini, dasa itace, huɗa ƙasa, sare dajin wurin, da farfasa duwatsunsa a daidaita shi. Kewaye wuri da shinge kawai ba ya mallakar da shi, haka ma kiwo a cikinsa. Idan wurin yana kusa da gari sai da izinin shugaba, idan ya yi nisa ba a buƙatar izini. Sa'an nan suka ce kowane gari yana da harami, wato filin da ke kewaye da shi inda mutanensa suke yin itace, dabbobinsu suke kiwo su komo a yini guda, kuma ba a yarda wani ya mallake wannan fili shi kaɗai ba. Ashe makiyaya da burtali da mashaya ba alfarma ce da manomi yake yi wa mai shanu ba, ba kuma ƙwace ne mai shanu yake yi ba. Haƙƙin gari ne da shari'a ta tsare tun ranar da aka kafa shi. Magabatanmu da wannan babi a kansu suka shiga daji, shi ya sa suke ganin saran gona ibada ce.

Shugabannin daula ma da gangan suka ƙarfafa wannan. A cikin Usulus Siyasa, wadda Sarkin Musulmi Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya nuna cewa wajibin shugaba ne ya tanadar wa jama'a manoma da maƙera da masu sauran sana'o'i, ya rarraba su cikin garuruwa da ƙauyuka, ya kula da ganuwa da kasuwa da hanya. Shi da kansa ya bi iyakoki yana kafa ribaɗi, yana zaunar da Fulani makiyaya a gari domin 'ya'yansu su sami karatu da jam'i, har ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837.

Bungudu da Tsafe

Bungudu 'yar wannan zamani ce ita ma. Ruwayar garin tana jingina sarautarsa ga Malam Ibrahim Ɗan Zundumi, ɗaya daga cikin mabiya Shehu, kuma har yau sarkin garin Sarkin Fulanin Bungudu ake ce masa. Fadamar gulbi ta ba su noma rani da damina, dajin kewaye ya ba su kiwo, suka zauna tare da Zamfarawa da Katsinawan da suka tarar da waɗanda suka biyo baya. Ita da Gusau sun zama garkuwar juna a kan hanyar Sakkwato, kuma mun riga mun ga yadda ƙasar Bungudu ta sauki mutanen Gusau a lokacin da suka rasa wurin zama.

Tsafe kuwa ita ta gaji sunan tsohon garin. Zuriyar masu sarautar 'Yandoto ba su ƙare ba da aka watse. Sun sake tattaruwa a gindin duwatsun Tsafe, suka sari nasu dajin, suka riƙe sarautarsu, shi ya sa ake ce wa sarkinsu 'Yandoton Tsafe. Ga kuma 'Yandoton Daji tana nan a kan hanya tana riƙe da sunan. Wanda ya yi nasara a 1806 da wanda aka ci, duka biyun da gatari da fartanya suka ƙare, kowa ya koma neman ruwa da wurin kafa masallaci. A cikin sarautun nan uku, ɗaya tana ɗauke da sunan Katsina alhali Bafulatani ya kafa ta, ɗaya tana ɗauke da sunan Fulani a tsakiyar Zamfarawa, ɗaya tana ɗauke da sunan garin malaman da aka yaƙa. Mai son ya raba mutanen wannan ƙasa gida biyu, ya ce waɗannan Hausawa waɗancan Fulani, sai ya fara gaya mana a wane gida zai sa Malam Sambo.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai na tsawaita ba. Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta isa Kauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka jawo kamfanoni da baƙi daga kowace kusurwa, garin ya tsallake ganuwarsa. A ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiri Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birninta. Amma duk wannan girma a kan ƙauye ya tsaya. Buhun da aka loda wa jirgi daga wata tunga ya fito.

Halin da ake ciki

Ya ku 'yan'uwa, yanzu na iso inda na nufa. Tun wajen 2011 ɓarayin shanu da 'yan bindiga suka addabi wannan jiha, abin ya girma har ya zama kisa da satar mutane domin kuɗin fansa da ɗora wa manoma haraji kafin su shiga gonakinsu. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, aka dakatar da kasuwannin mako, duk domin neman mafita. A cikin wannan fili akwai waɗanda suka bar gidajensu ba da son ransu ba, suna zaune a kangwaye da gidajen 'yan'uwa a Gusau da Tsafe da Bungudu. Akwai tungayen da aka sara tun zamanin Malam Abdulƙadir, yau geza da sabara sun rufe su, rijiyarsu ta rufta, masallacinsu ya zama kufai. Ƙasar da magabata suka raya tana komawa matacciya a gaban idonmu.

Maganin bindiga yana hannun hukuma, muna kuma roƙon Allah Ya ba su ikon sauke wannan nauyi, muna tuna musu cewa za a tambaye su. Amma akwai abin da yake hannunmu, kuma fiƙihun da na ambata shi ya nuna shi. Malamai sun ce gonar da mutum ya samu ta hanyar gado ko saye ko kyauta tana nan a mallakarsa ko da ta koma daji, wanda kuma aka kora da ƙarfi ba a ce ya saki haƙƙinsa ba. To amma haƙƙi a gaban alƙali da shaida yake tsayawa. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallakar gona a karkara, sai dai mafi yawan mutanenmu ba su taɓa neman ta ba, domin ba su taɓa buƙatarta ba. Takardarsu ita ce dattijon da ya san cewa daga tsamiyar nan zuwa waccan kuka gonar gidan wane ce, burtali kuma ta nan ya bi ya sauka mashaya. Waɗannan dattawa suna rasuwa a gudun hijira ɗaya bayan ɗaya. Itatuwan ma ana sarewa ana yin gawayi. Ranar da Allah Ya kawo zaman lafiya, kuma zai kawo, yaran da aka haifa a gari za su koma su tarar da daji babu alama, ga kuma masu kuɗi da masu ƙarfi suna jira. Idan ba a yi hattara ba, rigimar iyaka ita za ta gaji rigimar bindiga.

Saboda haka ina roƙon shehunanmu su ba da umurni, kowane muƙaddami da ke da muridai daga ƙauyen da aka tashi ya sa almajiri mai kyan rubutu ya zauna da dattawan wannan ƙauye, da boko ko da ajami, ya rubuta wanda ya kafa wurin da inda ya fito, da jerin limamai da masu unguwanni, da gidajen da ke ciki, da gonar kowane gida da iyakokinta, da inda maƙabarta take, da makiyaya da burtali da mashaya, har da rugagen da aka yi maƙwabtaka da su da sunayen masu su, domin su ma da yawansu an kore su, shanunsu sun tafi. A karanta wa mutanen ƙauyen su ji su gyara, shaidu su sa hannu, a kai wa hakimi kofi, a ajiye kofi a zawiya. Matasanmu da ke riƙe da waya su ɗauki muryar tsofaffin, su ɗauki hoton kowace takarda. Wannan bai buƙaci kasafin gwamnati ba, littafin rubutu ne da alƙalami da haƙurin zama.

Haka kuma littattafai. Limamai da yawa sun gudo da gafakarsu, wasu sun baro ta a rataye. Abin da ya iso gari yana cikin buhuna a ɗakunan da ke yoyo, gara tana aikinta. A cikinsu akwai Alƙur'anai rubutun hannu, da ijazozi, da salsalar ɗariƙa, da wasiƙun gado. Kowace zawiya ta ware akwatin ƙarfe guda ta karɓi amanar waɗannan takardu da sunan mai su, har ranar da zai nema. Sarkin Musulmi Bello ya tsinci na 'Yandoto bayan iska ta riga ta kwashe. Mu namu suna hannu tukuna.

Game da baƙin da ke cikinmu kuwa, kada a bar su a bakin masallaci suna miƙa hannu. A sa 'ya'yansu a makarantun allo da Islamiyyunmu ba tare da neman kuɗi ba. Mai gona a kusa da gari ya ba su aron kadada. Limaminsu a ba shi wuri ya ci gaba da jan mutanensa salla da wuridi, domin jama'ar da ta riƙe limaminta da halƙarta ba ta watse ba ko da ta bar garinta, kuma ita ce za ta iya komawa a dunƙule kamar yadda mutanen Malam Abdulƙadir suka taso daga Rawayya. 'Yan'uwanmu Tijjanawa, waɗanda zawiyoyinsu suka cika wannan gari da ƙauyukansa, a nemi haɗin kansu a wannan aiki tun daga farko, haka ma sauran malaman gari, domin ƙauye guda ba ya yiwuwa a rubuta shi rabi.

Allah Ya jiƙan Malam Ashafa da Malam Sambo da Malam Abdulƙadir da Malam Ibrahim Ɗan Zundumi, da malaman 'Yandoto, da maza da matan da suka sari wannan daji waɗanda Shi kaɗai Ya san sunayensu. Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannun miyagu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, albarkar Annabi da Alƙur'ani. A yi mana Fatiha.